Kwalbar Ranar Alhamis

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Yau na riga mai shara isowa ofis. Shekara ashirin da biyu ina aiki a Sashen Magudanan Ƙazanta na hukumar birni, ban taɓa yin haka ba. Da ta shigo ta gan ni sai ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce lafiya. Ta yi mini gaisuwar rashi, ta share ko'ina ban da ƙarƙashin teburina.

Na buɗe fayil ɗin sabuwar dokar amfani da magudanai. Ni aka ɗora wa rubuta sashe na biyu, wato ma'anar kalmomi, wai don ni ne mai karance-karance. A ofishin nan in aka taɓa ganin ka da littafin da ba na aiki ba, ka zama masani ke nan har ka yi ritaya.

Na rubuta: "Ruwan ƙazanta: duk ruwan da aka gama amfani da shi a gida ko kasuwa ko masana'anta, aka sake shi cikin bututun birni." Na yi kusan awa ɗaya ina kallon layin nan. Ba shi da aibu.

Dogo yana asibiti tun ranar Asabar. Ƙanin matata ne, shi ne kuma shugaban masu shiga rami na shiyyar yamma. Ni na kai takardunsa na neman aiki da hannuna, shekara goma sha ɗaya ke nan. Mai Fito, abokin aikinsa, jiya aka binne shi.

Gwiwa tana ciwo.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Direban motarsu ne ya ba ni labarin, a bakin ƙofar ɗakin jinya, yana ta murza hularsa. Bututun da ke bayan kamfanin jima ne ya toshe. Suka ɗaga murfi, Mai Fito ya sauka yana fito kamar yadda ya saba. Sai fiton ya tsaya. Dogo ya kira shi sau biyu, ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi shi. Direban da wasu masu wucewa ne suka jawo Dogo. Shi kuwa Mai Fito sai da 'yan kwana-kwana suka zo da abin rufe fuska.

Likita ya ce iskar nan ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na san ta. In kaɗan ce hanci yana jin ta, in ta yi yawa hancin take fara kashewa, sai mutum ya ɗauka wuri ya gyaru. Ban gaya wa likitan na sani ba. Na bar shi ya yi mini bayani, ina gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki.

Uwar yara tana zaune a ƙarshen gado, ta riƙe babban yatsan ƙafar Dogo, don nan ne kaɗai babu roba babu filasta. Ƙafafunsa sun wuce gadon, kamar yadda suka wuce kowane gado tun yana ɗan shekara sha biyar a gidanmu.

Ta ce, "Baban yara, kai da ka san aikin nan, me ya sa ba a ba su na'urar gwada iska ba?"

Na ce zan bincika. Kalma ce mai albarka, bincike. Tana iya raka mutum har gida bai faɗi komai ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

A bangon ofishin Darakta akwai taswirar bututun birni, an bi wasu layuka da jan alƙalami, wasu da kore. Na'urar gwada iska huɗu gare mu, ƙungiyoyin masu shiga rami kuwa tara ne. Saboda haka layin ja ake ba na'ura da fankar hura iska. Layin kore, ƙa'ida ta ce a buɗe murfi, a jira rabin awa, a sauka.

Abin da ke sa layi ya zama kore shi ne samfuri. Kowace Alhamis ta farkon wata ma'aikaci zai je ramin duba na masana'anta, ya ɗebo ruwan da take saki a kwalba, ya kai ɗakin gwaji. In ruwan ya yi ta fitowa da kyau, layin kore ne.

Layin bayan kamfanin jima kore ne. Shekara huɗu ke nan.

Darakta ya dafa mini kafaɗa a gaban kowa, ya ce, "Masani, kai ne garkuwarmu. Samfuri arba'in da takwas, duka da sa hannunka, ko ɗaya bai haura ƙa'ida ba. Kamfanin nan ba shi da hannu. Yaran nan ne ba su jira rabin awar ba."

Yaran nan. Mai Fito ya girme shi da shekara shida.

An kafa kwamitin bincike, zai zauna ranar ashirin ga wata. Darakta ya ce kafin nan kowa ya ja bakinsa. Ban taɓa jin umarni mai sauƙin bi kamar wannan ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Dogo bai farka ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Alhamis ta farkon wata. Aiki ba ya zaman makoki.

Foman ɗin kamfanin jima ya tarye ni tun daga bakin get, hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ya muka ji da wannan abu? Allah ya jiƙansa. Ya gwiwa?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Ina sauƙi, ga ka kana jan ta. Shigo ka zauna, kada ka wahalar da ƙafar nan." Kujerar tana inda take, ƙarƙashin fanka. An ma sake mata matashi.

Ramin duba yana bayan ɗakin mai gadi. Murfin ƙarfe ne, in an ɗaga akwai matakala tara har zuwa ɗan dandamalin da ake durƙusawa a ɗebi ruwa. Na san tara ne don na sha ƙirga su, a da.

Shayin ya yi zafi, sai na sha a hankali. Foman ya fita ya dawo. Muka yi hirar tsadar fata da wahalar samun ma'aikata masu amana. Ta taga ana hango gefen ramin. Ciyawa ta fito ta kewaye murfin, har da wani ɗan fure ruwan ɗorawa a tsakiya, inda ake zura ƙarfen ɗagawa.

Na dawo da kwalba. Na cike takardar shaida, na sa hannu a inda ake sa hannu.

Da na zauna na ƙara ma'ana ɗaya a dokar: "Ɗiba ɗaya: samfurin da aka ɗebo a lokaci guda, a wuri guda, wanda ke nuna halin ruwan wurin a wannan lokacin kaɗai."

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

"Tacewar farko: aikin da masana'anta za ta yi wa ruwanta a cikin harabarta, don rage gubarsa, kafin ta sake shi cikin bututun birni."

"Zubar bazata: sakin ruwa mai yawa ko mai guba a lokaci guda, wanda zai iya cutar da bututu ko matatar birni ko ma'aikata."

Na sa ma'aikata a ƙarshe, bayan bututu. Haka yake a tsohuwar dokar, ni kwafa na yi. Na taɓa karanta labarin wani tsohon birni da mutanensa suka fi alfahari da magudanarsu a kan fadarsu. Marubucin ya ba da faɗinta da tsawonta da irin dutsen da aka gina ta da shi. Bai faɗi sunan mutum ɗaya da ya shiga cikinta ba.

Lahadi, 9 ga wata, bayan magariba

Uwar yara ta dawo gida ta yi wanka ta sake kaya, ƙanwarta ta karɓe ta a asibiti. Idonta duk ya faɗa. Duk da haka ta ɗauko man zafi, ta zauna a tabarma, ta ce in miƙo ƙafar. Na ce ta bari yau. Ta ce, "Miƙo, in hannuna bai yi wani abu ba haukacewa zan yi."

Tun da na faɗi a babur, shekara huɗu da 'yan watanni, ba ta taɓa tsallake rana ba.

Tana shafawa ta ce, "Ka tuna yadda Dogo yake tsokanarka? Wai gwiwar Yaya ta fi kalandar ofis sanin ranar aiki." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Na tuna. Na kuma tuna wata rana yana wanke takalmansa na roba a bakin famfo, ya ce, "Yaya, in ƙafar nan ta hana ka sauka rami, ka kira ni kawai. Minti biyar ne." Na ce masa ni ban tsufa ba, har yanzu da ƙafata nake sauka, ya je ya nemi tsofaffin gidansu ya taimaka musu. Ya ce, "To, ranka ya daɗe, Allah ya bar mana kai da gwiwarka."

Man yana da zafi yau. Ko sabo ne.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mai Gwaji ta aiko in je ɗakin gwaji. Mace ce da ba ta iya doguwar gaisuwa ba, shi ya sa rabin ofis ke tsoron ta. Na tarar ta jera takardu a kan benci, daga wannan bango zuwa wancan.

Ta ce, "Malam, naka ne. Arba'in da takwas, ga na Alhamis ɗin da ta wuce, na arba'in da tara."

Na ce madalla.

Ta ce, "Kamfanin jima ba ya sakin ruwa iri ɗaya kullum. Ran da suke cire gashi daban, ran da suke rini daban. Naka kuwa duba su. Kamar 'yan ɗaki ɗaya."

Na ce wataƙila suna kula da tacewarsu ne.

Ta ce, "Wataƙila. Sannan kwalbar kowa da wari take zuwa a jikinta, sai na sa safar hannu. Taka ce kaɗai zan iya ɗauka in je in ci abinci ban wanke hannu ba."

Na ce ina goge ta ne kafin in kawo.

Ta kalle ni ta saman gilashinta, ta ce, "Allah ya ƙara tsafta." Sai ta fara tattara takardun ɗaya bayan ɗaya. "Ni ma da laifina. Shekara huɗu ina jin daɗin kwalbarka ban taɓa tambaya ba. Kwamiti zai kira ni ranar ashirin. In lamba suka tambaye ni, zan ba su lamba. In suka tambaye ni abin da nake zato, ban san abin da zan ce ba tukuna."

Na yi mata godiya. Ban san na mene ne ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gwiwa. Ban je asibiti ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Kwamiti bai zauna ba tukuna, amma rahotonsa ya riga shi isowa. Haka ake yi a wuraren da ake son tsari. Darakta ya miƙo mini daftarin, ya ce, "Masani, na san ƙanin iyalinka ne, shi ya sa na ba ka. Ka gyara mini kalmomin su yi laushi."

Shafi uku ne. Na ukun ya ce mutuwar ta faru ne saboda sakacin shugaban ma'aikata, wanda ya tura mutum rami bai cika lokacin jira ba. An ba da shawara a sallame shi daga aiki. An kuma yaba wa sashen samfuri.

Na soke "sakaci" na sa "gaggawa". Na gyara waƙafi biyu. Aikin da na yi wa Dogo ke nan yau.

Da na fito na tarar da matar Mai Fito a baranda. Ta zo karɓar kayan da ke lokarsa, an zuba mata su a leda: takalman roba, tawul, kofin silba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, an ce Dogo ne ya tura shi bai jira ba. Ni zuciyata ba ta yarda ba, mutumin da ya bi shi ciki. Amma an ce takarda ta nuna."

Na ce ta yi haƙuri, ana bincike.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Dogo ya farka jiya da hantsi. Yau aka cire masa robar maƙogwaro.

Da na shiga ya juyo da ido, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da wata murya kamar ana jan buhu a ƙasa, "Yaya. Ya gwiwa?" Uwar yara ta fashe da dariya da kuka tare, ta ce, "Ji ɗan banza, kai da ka dawo daga bakin kabari kake tambayar gwiwar wani!"

An riga an gaya masa maganar Mai Fito. Da ta fita kiran nas ya yafito ni, na sunkuya.

Ya ce, "Minti ashirin muka jira, Yaya. Ba talatin ba. Ruwa ya fara shiga gidajen mutane, mata suna ta ihu. Na ce ai kore ne, layin Yaya ne, ba komai. Ni na ce masa ya sauka."

Na ce ya huta, kada ya wahalar da murya.

Ya ce, "In sun tambaye ni zan faɗa musu. Minti goma na ci masa."

Irin iskar da likita ya kwatanta, ko awa biyu suka jira ba fanka, tana nan kwance a ƙasan rami tana jiran su. Wannan yana cikin littafin da ke kan kantata, shafin ma na lanƙwasa shi da hannuna. Na gyara masa bargo. Bargon bai kai ƙafafunsa ba.

Layin Yaya.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Saura ma'ana ɗaya in gama sashe na biyu: "Mai ɗaukar samfuri." Tun safe na rubuta na soke sau biyar.

Bari in rubuta ɗaya abin sau ɗaya, tunda littafin nan ba ya zama a kwamiti.

Wata na farko bayan faɗuwata da sanda na je kamfanin. Foman ya ga ina ƙoƙarin durƙusawa a bakin rami, ya ce haba ranka ya daɗe, kawo kwalbar. Alheri ne, na kuma karɓe shi a matsayin alheri. Wata na biyu ma haka. A wata na shida na ajiye sanda, amma kujerar tana nan, fankar tana nan. Ban taɓa tambayar sa daga ina yake cikowa ba. Yakan tafi da kwalba ta bayan ofis, ba ta wajen ramin ba, ni kuma nakan juya kujerata in fuskanci kalanda.

A ƙasan takardar shaida an rubuta: "Na ɗebi wannan ruwa da hannuna daga ramin duba." Sau arba'in da tara na sa hannu a ƙarƙashin layin nan. Na ƙarshen bayan an binne mutum.

Ba su taɓa ba ni komai ba. Da cin hanci na karɓa, da na san sunan abin da na yi, yana nan a sashe na tara da hukuncinsa. Abin da na yi ba shi da suna a dokar. Zama ne a kujera.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Da safe na je ɗakin gwaji na ce wa Mai Gwaji ina son ta raka ni wani wuri. Ba ta tambaye ni ina ba. Ta aro na'ura da abin rufe fuska daga shiyyar arewa, ta kira direban su Dogo, ya zo da igiya.

Foman ya fito da gudu yana gyara riga. "Ranka ya daɗe, yau ai Talata ce!" Na ce na sani, ina da kalanda. Ya ce, "To a shigo a sha shayi mana, Hajiya ma ta huta." Mai Gwaji ta ce, "Ba na sha." Ya ce manaja ba ya nan. Ta ce, "Ba shi muka zo gani ba."

Sai da direba ya sare ciyawar da shebur kafin ƙarfe ya shiga. Murfin ya ƙi, ya ƙi, sannan ya tashi da ƙara. Ba a ma zura na'urar ba ta fara kuka. Muka ja da baya. Direba ya juya mana baya ya dafa mota. Ya san kukan da ba su ji ba ranar.

Kusan awa guda muka jira kafin na'urar ta yi shiru a bakin ramin. Mai Gwaji ta ce a ɗaura kwalbar a sanda a zura daga sama. Na ce takarda ta ce da hannuna. Ta ce, "Malam, ba yau ne ranar jarumta ba." Na ce na sani, ranar ta wuce. Suka ɗaura mini igiya, na rufe fuska, na rataya na'urar a wuya.

Ɗaya, biyu, uku. Ƙarfen yana da santsi. A na bakwai gwiwar ta yi ƙara. A na tara na durƙusa. Ruwan baƙi ne wuluk, da kumfa mai toka-toka da guntayen gashi, yana da ɗumi ta cikin safar hannu. Na cika kwalba.

Gwiwar ta sauka, ta kuma hau. Minti biyar ne, kamar yadda Dogo ya ce.

Mai Gwaji ta sa safar hannu kafin ta karɓa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa uwar yara. A tsakar gida, tana kwashe shanya. Na fara daga babur na ƙare a jiya, ban tsallake kujera ba, ban tsallake Alhamis ta shida ga wata ba. Ta tsaya da zanen gado a hannu har na gama.

Ta ce, "Jiya gwiwar ta sauka?"

Na ce ta sauka.

"Ta hau?"

Na ce ta hau.

Ta ninke zanen gida huɗu, ta daidaita bakinsa, ta ajiye a kwando. Ta ce, "Shekara huɗu ina shafa maka ita." Ta ɗauki mayafinta ta tafi asibiti, ba ta ce sai na dawo ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mutum biyar ne a kwamitin, da ruwan gora a gaban kowa. Da na ce ina da magana kafin a karanta rahoto, Darakta ya yi murmushi ya ce, "Masani ba ya jin daɗi kwanan nan, abin ya shafi iyalinsa." Shugabar kwamitin ta ce, "Bar shi ya yi magana."

Na yi. Bai kai minti goma ba. Abin mamaki, shekara huɗu ba su da tsawo in an faɗe su a tsaye.

Ta ce, "Me suke ba ka?"

Na ce, "Shayi."

Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari.

Mai Gwaji ta ajiye kwalbar Talata a kan tebur, cikin leda biyu, kusa da ruwan gorar Darakta. Ta karanta lambobinta. Ba wanda ya tambaye ta abin da take zato. Na roƙi a rubuta cewa minti goman da Dogo zai faɗa musu ba su ne suka kashe kowa ba, na ba su littafin da shafin a lanƙwashe.

An dakatar da ni daga aiki har sai an gama. An ce in miƙa makullai gobe. Darakta bai dafa mini kafaɗa ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na miƙa makullai da fayil. Sashe na biyu ya cika:

"Mai ɗaukar samfuri: ma'aikacin da zai ɗaga murfi da kansa, ya sauka da kansa, ya cika kwalba da kansa. Ba ya karɓar kwalba daga hannun kowa, ba ya zama, ba ya shan komai a harabar masana'anta."

Darakta ya ce jimlar ƙarshe ba salon doka ba ce. Na ce ya ba wani masanin ya gyara.

A taswira na ga an bi layin bayan kamfanin jima da jan alƙalami. Koren yana leƙowa ta ƙarƙashi. Mai shara ta ce, "Malam, sai yaushe?" Na ce sai an gama bincike.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An cire shafi na uku. Gargaɗi kawai za a ba Dogo, aikinsa yana nan, in huhunsa ya yarda. Mai Gwaji ce ta bugo ta gaya mini, cikin jimla biyu.

Na je asibiti. Uwar yara ta tashi ta ba ni kujera, ta fita. Dogo yana kallon silin. Na gaishe shi ya amsa. Na ce an cire sunansa, ya ce ya ji. Fanka tana juyawa.

Can ya ce, "Matar Mai Fito ta zo jiya. Ta ce in yafe mata, wai ta kusa yarda."

Na ce Allah sarki.

Ya ce, "Da ka kira ni, Yaya."

Na zauna har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya. Bai tambayi gwiwa ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ba ofis. Uwar yara ta haɗa mini shayi kafin ta fita, ta ajiye kwalbar man zafi kusa da kofin, murfinta a rufe. Shayin ya huce. Ban taɓa ko ɗaya ba.